Taliya da Wake da Ganye: Jawabi ga Iyalan Bonkuku kan Abincin Dare Marar Nama

Maganarmu ta yau a kan tukunyar dare take, musamman daren da rana ta faɗi ba a yi daka ba, itace ya yi ƙaranci, nama kuwa ba a ma sa shi cikin lissafi ba. A irin wannan dare hannun uwargida yakan kai ga taliya, domin ita ce mai saurin nuna. Ba mu zo mu hana ku ita ba. Mun zo ne mu duba tare yadda za a dafa ta har ta ciyar da gida ciyarwa ta gaskiya, tun daga maigida har zuwa yaron da ke goye.

Kun san yadda aka saba. A tafasa ruwa, a zuba taliya, a tsiyaye, a yaryaɗa mai, a barbaɗa yaji da dunƙulen ɗanɗano, a ɗora kwano a tsakar gida. Ciki ya cika, kowa ya kwanta. Amma taliya garin alkama ce da aka cire wa dusa, kuma mafi yawan abin da ke cikinta sitaci ne, wato abin da ke ba jiki ƙarfin aiki na ɗan lokaci. Babban mutum da ya ci taliya da mai zai iya tashi gobe ya tafi lambu. Yaro ɗan wata goma kuwa jikinsa gini yake yi, ƙashi da tsoka da jini da ƙwaƙwalwa duk a lokaci guda, ga shi tumbinsa bai wuce ɗan ƙaramin kofi ba. Idan aka cika wannan ɗan wuri da sitaci zalla dare bayan dare, yaron zai ƙoshi, ba zai yi kukan yunwa ba, amma tamowa za ta shigo a hankali ba tare da sallama ba. Wannan ita ce yunwar da ta fi wuyar ganewa, domin tana zaune a gidan da ake ɗora tukunya kullum.

Mutanen Imanan suna da wani tarko na daban da ya kamata a faɗa a fili. Allah ya albarkaci wannan kwari na Dallol Bosso da ruwa kusa da ƙasa, har sunan Bonkuku ya tafi tare da dankalin turawa zuwa kasuwannin Yamai. Idan lokacin haƙa ya yi, dankali yakan wadata a kowane gida, sai a ga an haɗa taliya da dankali, wani lokaci har da shinkafa, a ce an yi abinci kala uku. A wurin masana abinci wannan kala ɗaya ne. Hatsi da dawa da masara da shinkafa da taliya da rogo da dankali duk ƴan ɗaki guda ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin yara ƴan wata 6 zuwa 23 gida takwas: nonon uwa, hatsi da saiwoyi, wake da gyaɗa da danginsu, madara da abin da ake yi da ita, nama da kifi, ƙwai, ganyaye da kayan lambu masu bitamin A, sai sauran kayan lambu da ƴaƴan itatuwa. Abin da ake nema shi ne yaro ya samu aƙalla biyar daga cikin takwas ɗin a kowace rana. Ku lura da kyau: nama gida ɗaya ne kawai cikin takwas. Yaron da ke shan nono, aka ba shi taliya da wake da zogala da tumatir, ya cika biyar ɗinsa ba tare da an je wurin mahauci ba.

Bari mu tsaya a kan wake, domin shi ne ginshiƙin wannan tukunya. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi kowa noman wake a duniya, Nijeriya ce kaɗai ke gabanta, amma sau da yawa manomi yakan sayar da wakensa tun da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa, ya sayo abin da bai kai shi amfani ba. A cikin giram 100 na busasshen wake akwai kimanin giram 23 na sinadarin gina jiki, wanda ake kira furotin. A cikin giram 100 na taliya akwai kimanin giram 12. Bayan yawa kuma akwai maganar inganci. Furotin na alkama yana da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin, wanda jikin yaro ba ya iya ƙera shi da kansa, wake kuwa yana da shi a wadace. Shi ma wake akwai abin da ya gaza a kai wanda alkama da hatsi ke cikewa. Idan suka haɗu a kwano ɗaya sai kowanne ya rufe giɓin ɗan'uwansa. Kakanninmu ba su san sunan laisin ba, amma su suka gadar mana shinkafa da wake, da ɗanwake, da ƙosai da kunu. Abin da muke roƙo kawai shi ne a yi wa taliya irin adalcin da aka yi wa shinkafa.

Na san amsar da ke bakinku: wake cin itace gare shi, kuma ai don gudun ɓata lokaci aka ɗauko taliya. Gaskiya ne. Maganin wannan yana hannun safiya. Kafin a fita lambu ko rijiya, a tsince wake kofi biyu, a wanke, a jiƙa shi cikin ruwa mai tsabta a rufe. Waken da ya sha ruwa tun hantsi yakan nuna cikin kamar rabin awa, wanda aka surfa aka cire wa ɓawo kuma ya fi haka sauri, ya kuma fi sauƙi ga cikin ƙaramin yaro. A zubar da ruwan jiƙon a sa sabo, wannan yana rage kumburin ciki. Kanwa ba ta yi mana wuya a wannan yanki, kuma tana sa wake ya yi laushi da wuri, sai dai tana lalata wani ɓangare na bitamin B da ke cikinsa. Wanda ya jiƙa wakensa ba ya bukatarta.

Game da taliyar kanta, akwai ta leda da ake saya a kanti, akwai kuma ta gida, ƴar murji. Kusan duk alkamar da ake ci a ƙasar nan daga waje take zuwa, shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022 aka ji zafinsa har a farashin burodi da taliya a kasuwanninmu. Ta gida tana da fa'idar da ta leda ba ta da ita: ke ce mai iko da abin da ke cikinta. A kan garin alkama kofi uku, ki ƙara garin wake kofi ɗaya, ki fasa ƙwai ɗaya idan akwai, da ɗan gishiri, ki riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan kina murzawa har kwaɓin ya yi tauri, ya daina manne wa hannu. Kada garin wake ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, in ya wuce taliyar za ta riƙa tsinkewa a tukunya. Ki rufe kwaɓin ya huta kamar minti 20, sannan a sa a inji. Gidan da babu inji, kwalba mai tsabta ta isa: a shimfiɗa kwaɓin a kan faranti ko tire da aka barbaɗa wa gari, a murza shi ya yi faɗi da siriri, a naɗe, a yanka da wuƙa. Ɗanyar taliya ba ta wuce minti 5 a wuta. In an yi da yawa, a shanya ta a kan igiya a inuwa, a rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda da ƙura, ta bushe sarai kafin a ajiye.

Idan za ku sayi gari ko man girki, ku duba jikin buhun ko jarkar. A ƙasashen yankinmu masu amfani da kuɗin sefa, ana ƙara wa garin alkama sinadarin ƙarfe da folik asid, ana ƙara wa mai bitamin A, kuma irin waɗannan kaya suna ɗauke da tambarin da aka rubuta ENRICHI. Gishiri kuma a nemi mai sinadarin aidin, a ajiye shi a rufe nesa da murhu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma saurin wannan girki ya dogara ne ga yawan hannuwa. Yara su zage ganyen zogala, wanda maƙwabtanmu Zabarmawa ke kira windi-bundu. Saurayi ya daka ƙuli-ƙuli, ko ya juya hannun inji, aikin ƙarfi ne da ya dace da shi. Ƴammata su fere dankali su yanka albasa. Maigida, kai ma da naka rabon, kuma shi ne ya fi nauyi. Kai ke yanke shawarar abin da zai tafi kasuwa da abin da zai zauna a gida. Idan ka ɗaure buhunan dankali za su Baleyara ko Yamai, ka ware wa tukunyar gidanka tumatir da karas da shu daga lambun nan naka, kuma da kaka ka bar wake a rumbu gwargwadon bakunan da kake ciyarwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin kowa ya taɓa kayan abinci, a wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba, ba a cikin kwano ɗaya da kowa ke tsoma nasa ba.

Ga yadda tukunyar take, ga gida mai mutum shida. A zuba mai cokali biyar, a soya albasa biyu har su yi laushi, a ƙara tumatir ɗanye ko busasshen da aka daka, da daudawa. Daudawa ma daga iri ake yin ta, ko na ɗorawa ko na yakuwa, saboda haka bayan ƙamshi tana kawo nata ɗan furotin, ta kuma rage bukatar dunƙulen kanti, wanda kusan rabinsa gishiri ne. A tsaida ruwa, a zuba waken da aka jiƙa, a rufe tukunya. Rufewar nan kaɗai tana ceton itace mai yawa. Bayan kamar minti 25, a zuba dankali biyu ko uku da aka yanka ƙanana, da kabewa ko karas. In suka ɗauko nuna, a kakkarya taliya giram 500, wato ƙullin leda ɗaya, a zuba a cikin romon nan. Kada a dafa ta daban a tsiyaye, domin ruwan da ake zubarwa yana tafiya da bitamin da suka narke a ciki. Ganyen zogala shi ne na ƙarshe, cikin tafin hannu huɗu ko biyar, minti 5 kafin a sauke. Ganyen da aka dafa har ya koma baƙi ya rasa yawancin bitamin C ɗinsa. In babu zogala, ganyen wake, ko tafasa, ko rama, ko alayyafo duk sun wadatar, busasshen ganyen da aka shanya a inuwa shi ma yana aiki. A sauke, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli kofi ɗaya, a juya. Daga kunna wuta zuwa saukewa bai cika awa guda ba.

Ku yi lissafin da kanku. Taliyar ta kawo furotin kimanin giram 60, wake kofi biyu ya kawo kimanin giram 80, ƙuli-ƙuli ya ƙara wajen giram 40. Da kuɗin da bai kai na kashin nama ba, abin da ke gina jiki a tukunyar ya ninka har sau uku. Man da aka sa shi ma ba ado ba ne: bitamin A na zogala da kabewa da karas ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Sai dai a kula da gyaɗa da ƙuli-ƙulin da za a saya. Wanda ya yi fumfuna, ko yake ɗaci, ko yake warin ruɓa, a zubar, domin yana ɗauke da gubar da ke cutar da hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

Yanzu ga wurin da nake so iyaye mata da kakanni su ba ni kunnuwansu duka biyu. Kafin a sa barkono, a ɗebi rabon ƙaramin yaro a kwanonsa shi kaɗai. Cin abinci a kwano ɗaya al'adarmu ce mai kyau, tana koyar da ladabi da zumunci, amma ɗan shekara ɗaya ba ya iya gasa da yayyensa. Kafin ya kai loma biyu baki, kwano ya koma fari, kuma babu wanda zai iya faɗin nawa ya ci. A nasa kwanon kuwa uwa tana gani da idonta. A dama masa da bayan cokali, wake da taliya da ganye su haɗe, ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali ba idan an karkata shi. Abinci mai ruwa-ruwa yana cika tumbi da ruwa ne kawai. A ƙara masa ƙaramin cokali ɗaya na mai.

Yaro ɗan wata 6 zuwa 8 ana fara masa da cokali biyu ko uku, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi mai cin rubu'in lita, sau 2 zuwa 3 a rana. Daga wata 9 zuwa 11, rabin kofi sau 3 zuwa 4. Daga shekara ɗaya zuwa biyu, kashi uku cikin huɗu na kofi har zuwa cikakken kofi, sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Nono kuma ya ci gaba har shekara biyu. Jaririn da bai kai wata 6 ba, babu ruwansa da wannan tukunya: nonon uwa zalla, ko ruwa ba ya bukata, ko da a tsakiyar zafin bazara ne. Abin da ya kamace shi daga tukunyar zai same shi ta jikin mahaifiyarsa, don haka mai shayarwa da mai juna biyu a cika musu kwano, kada su zama na ƙarshen ci. A zauna da yaro a ba shi da haƙuri, ana yi masa magana, ba ɗure ba. In ya ƙi yau, a sake gwadawa gobe.

Ba zan ɓoye muku iyakar abincin da ba shi da nama ba. Akwai bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke bukata, kuma ba a samun sa a wake ko ganye, sai a abin da ya fito daga dabba. Ƙasar Kurfai ƙasar kiwo ce, shanun Azawak na Tukunus ma an san su da yawan nono. Saboda haka nonon shanu ko na akuya da aka tafasa, ko kindirmo mai tsabta, ko ɗan cuku da aka jiƙa aka marmasa a kan taliya, ko dafaffen ƙwai, su ne ke toshe wannan kafa. A nan dole in yi wa kakanni magana cikin girmamawa. An daɗe ana cewa yaron da ya saba da ƙwai zai tashi ɓarawo. Ƙwai bai taɓa koya wa kowa sata ba, kuma da wuya a samu abu mai araha da ya kai shi amfani ga ɗan yaye. Gidan da ke da kaji ko zabi, a bar wa yaro ƙwai ɗaya kafin a kai saura kasuwa. Ranar da Allah ya hore nama, ko hanta, ko kifi ko da busasshe ne, a fara da ƙananan yara da masu ciki.

Sai maganar jini. Wake da zogala suna da sinadarin ƙarfe, amma jiki ba ya tsotsar na tsirrai da sauƙi kamar na nama. Abu biyu ke canza wannan. Tsami mai bitamin C yana buɗe masa hanya: a matse lemun tsami a kan abincin bayan an sauke, ko a yanka ɗanyen tumatir da aka wanke da kyau. Shayi kuwa yana toshe hanyar. Mun san matsayin butar shayi a wannan ƙasa, ba kuma za mu ce a kife ta ba, amma a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci, musamman ga mata masu ciki, ƙananan yara kuma kada a ba su sam.

Kada kuma wani ya fahimci cewa taliya ta fi tuwo. Hatsinmu ya fi farin garin alkama sinadarin ƙarfe, a gonarmu yake fitowa, kuma farashinsa ba ya jiran jirgin ruwa. Taliya ta daren gajiya ce, da daren da baƙi suka sauka ba zato. A shekarun nan da rashin tsaro ya raba iyalai da yawa na jihar Tillaberi da garuruwansu, gidaje da dama suna ciyar da bakunan da suka ninka na da, kuma nisan da mace za ta yi neman itace ya zama abin tunani. Tukunya ɗaya, wuta ɗaya, ƙasa da awa ɗaya: amfaninta ke nan. Wake da ganye da gyaɗar da muka ambata kuwa, haka za su yi aiki a dambu, da miyar tuwo, da kunun yara.

Abin da ya rage a tukunya kada a bar shi a buɗe. Dafaffen abincin da ya wuce awa biyu a ajiye, sai an mayar da shi wuta ya tafasa har tsakiya kafin a ci, ƙaramin yaro kuma an fi so a ba shi sabon dahuwa. Zawo yana saurin kwashe abin da aka daɗe ana ginawa.

A ƙarshe, ku riƙa auna damtsen yaranku ƴan wata 6 zuwa shekara 5 da igiyar awo mai launi uku. A Mirya ta jihar Damagaram aka gwada aka tabbatar cewa iyaye mata, ko da ba su yi karatun boko ba, suna iya wannan awo daidai idan an nuna musu. A sa igiyar a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kada a matse kada a sake. Kore lafiya lau ne. Rawaya, wato tsakanin milimita 115 da 125, gargaɗi ne: a kai yaro gidan likita a duba shi, a kuma ƙara masa abinci. Ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, a tafi a ranar. Haka nan idan kika danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, kika ƙirga uku, kika ɗaga, sai rami ya zauna, wannan kumburi ba ƙiba ba ce, a tafi a ranar ko da igiya ta nuna kore. A wannan mataki taliya da wake ba za su warkar da shi ba, sai magani da abincin gyaɗa na musamman da ake bayarwa a gidan likita. Wannan abinci na yaron da aka rubuta wa ne shi kaɗai, ba a raba shi da yayye, ba a kai shi kasuwa, kuma ana ci gaba da zuwa awo har sai ma'aikacin lafiya ya ce an sallame shi.